Tayoyin Yaya a Gindin Tudun Rairayi

Inna ce ta ce tana son ta ga tuddan rairayi tun idonta na gani. Shi ya haɗa mu huɗu a mota ɗaya: ita, ni, mijina Malam, da Yayana mai faci. Yaya da Malam kuwa ko ga maciji ba sa yi.

Da safen tafiyar Yaya ya zagaye motar Malam da famfonsa, ya cika kowace taya har ta yi tauri, yana ƙwanƙwasa ta da sifana. "Ka ji ƙara?" ya ce. "Wannan aiki ne, ba alli da allo ba."

Bayan awa uku muka bar kwalta, muka bi sawun motoci har gindin wani dogon tudu. Muka hau da ƙafa. In ka yi taku uku, rairayi ya karɓe biyu. Inna ta kai rabi ta zauna, ta daɗe tana kallon tuddan da suka jeru har ƙarshen gani. Kafin mu sauko rana ta take, ƙasa na ƙuna ta cikin takalmi. Inna mai hawan jini ce. Ta kwanta a kujerar baya tana numfashi sama-sama, ruwanmu kuma saura gora ɗaya.

Malam ya ta da mota ya taka totur. Tayoyin suka juya a wuri ɗaya, suka tona wa kansu rami.

"Sai an rage iska," in ji Malam. "Taya mai laushi ce ke shimfiɗuwa a kan rairayi. Mai tauri nutsewa take."

"A wane shafin ka karanto, Farfesa?"

"Direban da muka tarar a gidan mai ya faɗa, kana tsaye."

"Direba! Shekara ashirin da biyu ina cika taya. Ban taɓa sace mata iska da hannuna ba, ba kuma yau zan fara don ɗan boko ya yi mafarki ba. Tuƙinka ne na 'yan koyo. Ba ni makulli."

Yaya ya shiga ya taka. Motar ta ƙara zama har cikinta ya taɓa ƙasa.

"Sannu, Injiniya," Malam ya ce. "Ka binne ta. Saura addu'a."

"Ka iya bakinka. Ƙanwata kake aure, ba ni ba."

Ni ina jiƙa gefen mayafina ina shafa wa Inna a goshi. Leɓenta ya bushe ya yi fari. Na ce, "Yaya, dubi Inna." Bai juyo ba.

Malam ya tsuguna gaban tayar baya, ya cire murfin bakin iskar, ya danna da tsinken ashana. Iska ta fara fita da ƙara. Ya danna bai ɗaga ba, shi a ganinsa in kaɗan na da amfani, da yawa ya fi.

Yaya ya daka tsawa. "Kai! Za ka zare ta daga ƙarfen rim! In ta zare a nan, da haƙori za ka mayar?" Ya hankaɗe shi har ya faɗi zaune. Ya tsaya yana huci, sai a lokacin ya leƙa kujerar baya. Ya ga halin da Inna take ciki.

Yaya ya durƙusa. Taya bayan taya yana sakin iska yana matsa gefenta da babban yatsa, har kowace ta yi tumbi daidai da 'yar'uwarta. Muka yashe rairayin da hannu, muka cusa shimfiɗun ƙafa na mota ƙarƙashin tayoyin.

"Giya ta biyu," ya ce wa Malam ba tare da ya dube shi ba. "A hankali. In ka taka kamar ɗazu, wallahi a nan zan bar ka."

Motar ta yi nishi, ta fito.

A shagon farko na bakin kwalta muka zaunar da Inna a inuwa. Ta sha ruwan sanyi kofi biyu, numfashinta ya daidaita. Malam ya fara cewa, "Da tun farko an ji maganata..." Yaya ya miƙe.

Inna ta ɗaga hannu. "Ku zauna. Na ga tudu, na gode Allah. Amma daga yau ko asibiti za a kai ni, ɗayanku ya zauna a gida."