Jijiyar da ke Gindin Cinya

Sau biyu ina faɗuwa jarrabawar jijiyoyin jini a makarantar koyon aikin jinya. Sista Philomena, malamarmu, ta gaji da ni har ta ce kaina kamar rariya. Zanen zuciya yana manne a bangon ɗakinmu a Barnawa, jajayen jijiyoyi masu fita da jini, shuɗɗa masu dawo da shi, amma da na shiga aji sai su cakuɗe mini.

Wata Asabar a 1984 na kai wa yayana Dauda abincin rana garejinsu a Kakuri. Ina ajiye kwano, faifan injin yankan ƙarfe ya fashe, wani guntunsa ya tsaga masa cinya. Jini ya yi tsartuwa har jikin ƙofar mota, ya tsaya, ya sake tsartuwa.

Makanikai kuwa maganinsu ɗaya ne a duniya, ko kai aka sare. Ubangidansa, Oga Chinedu, ya sheƙo da gwangwanin man birki ya kwarara a ciwon. Wani ya ɗaure tsumma a ƙasan ciwon, wajen gwiwa. Jinin ko gezau.

"Edith," in ji Dauda, leɓensa ya yi fari, "ina jin sanyi."

Tsoro ya kama ni har fitsari ya matse ni. Sama zan danne ko ƙasa? Na rasa. Sai na lura jinin yana fita daidai da bugun da nake ji a ƙirjina. Daga zuciya yake zuwa ke nan, ta babbar jijiyar da ta gangaro ciki ta rabu biyu, kowace ƙafa da tata.

Na dunƙule hannu na danna gindin cinyarsa, na ɗora duk nauyina.

"Kai, small madam, ciwo no dey there!" Oga Chinedu ya daka mini tsawa, wai ba a nan ciwon yake ba.

"Oga, ka kawo mota!"

Tsartuwar ta ragu, ta koma ɗiga. Haka muka tafi a bayan a-kori-kura, kowane rami sai na kira sunan Yesu.

A asibiti likita ya ɗaure cinyar ya ce, "Ya isa, 'yata, saki. Zai rayu."

Na ji shi sarai, amma na kasa. Zuciyar yayana tana bugun dunƙulen hannuna a hankali, ina tsoron in na ɗaga ta daina. Sai da nas biyu suka ɓamɓare ni.