Farin Zane a Bayan Baba Tsaf

"Ɗaga zanen sama kaɗan," na ce wa Gardama. "Bango yana leƙowa."

Ya ɗaga gefensa, 'yar Baba Tsaf ta ɗaga nata. Na kai kyamara ido ke nan sai Baba, da yake kwance ba lafiya, ya waiwaya da ƙyar, ya dubi zanen gadon da aka riƙe a bayansa, ya ja tsaki.

"Wa ya goge wannan?"

"Baba, ɗan ƙaramin hoto ne, fuskarka kawai za a gani," in ji 'yar.

"Na ƙare rayuwata ina goge kayan mutane, sannan a ɗauke ni gaban yamutsattsen zane? Gardama, kai shi shago."

Gardama ya naɗe zanen ya fita yana ƙunƙuni, kamar yadda ya saba. Ni kuwa na ajiye kyamara a cinya, na zauna jira.

Ni mai hoto ne, bango ɗaya ya raba shagona da shagon wanki da guga na Baba Tsaf, gidansa kuma yana bayan shagon. Na daɗe da sabawa da bugun dutsen guga a jikin bangon nan, har in ban ji shi ba sai in ga kamar gari bai waye ba. Sunan Tsaf kuwa bai ci shi a banza ba. Mutum ne da ko tsumman goge tebur sai ya ninke shi.

Haka yake da sha'anin ma'aikatansa. Kowane ƙarshen wata zai cire haraji da kuɗin fansho daga albashinsu, ya ɗora nasa kason, ya sa farar rigarsa, ya taka da ƙafarsa zuwa ofis ya biya. In ya dawo ya maƙala rasit a ƙusa, inda kowa zai gani. Kowane ƙarshen wata kuma sai Gardama, babban mai gugarsa, ya tayar da jijiyar wuya.

"Guminmu ake yanka ana kai wa mutanen da ko hula ba su taɓa kawo mana wanki ba!"

"Ajiyarka ce, ba tawa ba," Baba zai ce masa. "Ranar da hannunka ya gaza ɗaga dutsen nan za ka nemi ajiyar."

"Wa ya ga gobe?"

Ina jin su ta bango ina dariya. Na ɗauka haka za su yi ta yi har abada.

Da ciwo ya kwantar da Baba, 'yarsa ta je ofis a madadinsa, ta dawo jiki a sanyaye. Ashe rajistar shagon da sunansa ce shi kaɗai. An ce mata in ya faɗi, rajistar ta faɗi tare da shi, biyan fanshon ma'aikata ya tsaya har sai an gama maganar gado an sake wata. Gardama kuwa saura ƙiris ya cika shekarun da ake bukata, ga idanunsa sun fara hazo. In abin ya yanke yanzu, wahalar da ya sha tana iya tashi a tutar babu. Mafita ɗaya ce: a ƙara suna na biyu a rajistar tun mai shago yana raye, da sa hannunsa, da sabon hoton kowannensu.

'Yar tana da aikinta a wani gari. Baba ya ce a sa sunan Gardama.

"Ni? Ni da nake zagin abin nan kowane wata?"

"Shi ya sa. Mai gardama ba a cin kwabo a kan idonsa."

Hoton Gardama na ɗauka tun da safe a shagona. Saura na Baba, kuma ofishin nan ba ya wasa da ƙa'ida: farin baya, kai a miƙe, ido a buɗe, kada a ga kowa sai mai hoton.

Gardama ya dawo da zanen a kan hannuwansa biyu, sumul, yana ƙamshin guga. Baba ya shafa bakinsa da yatsa, ya gyaɗa kai. Muka jingina shi da matasai, aka sake ɗaga zanen. Na ɗauka, kansa ya langaɓe gefe. Na sake, idanu sun lumshe. 'Yar ta tallafi haɓarsa, sai ga yatsunta a cikin hoton. Na ɗauki jarirai masu tsala ihu, na ɗauki angwaye masu rawar kai, amma ban taɓa shan wahalar hoto irin ta ranar ba.

"Mai Hoto, yi sauri," Baba ya ce a hankali. "Wuyan nan ya daina jin maganata."

'Yar ta juya fuska ga bango. Gaskiya na karaya, na fara tunanin yadda zan ce musu a bari sai gobe, alhali duk mun san goben ba ta da tabbas.

Sai Gardama ya matso. Ya zaro maƙalan shanya daga aljihu, ya maƙale zanen a sandar labule, ya cire takalmi, ya hau gadon ya shige bayan zanen ya durƙusa. Sai na ga kan Baba ya taso a hankali, ya tsaya cak. Ta bayan ƙyalle Gardama ya tallafe masa ƙeya.

"Da ɗumi," in ji Baba. "Hannunka ne, ko dutsen ka taho da shi?"

"Yi shiru a ɗauke ka, Baba," muryar Gardama ta fito daga bayan zanen.

Baba ya buɗe ido sosai, ya dube ni kamar yadda yake duban rigar da aka kawo masa da tabo. Na danna.

Baba ya sa hannu a takardun da yamma, 'yar ta kai su washegari. Da ta dawo ta sa masa rasit a tafin hannu. Ba ya iya karantawa a lokacin, sai ya yi ta shafa wurin hatimin.

"Sun karɓa?"

"Sun karɓa, Baba."

"A maƙala a ƙusa."

Bayan kwana kaɗan, da hantsi, ina cikin wanke hotunan wasu 'yan makaranta, sai bugun dutsen guga ya tsaya a tsakiyar aiki. Na jira ya ci gaba, bai ci gaba ba. Ban bukaci kowa ya faɗa mini ba. Na zauna a kujerar da nake zaunar da mutane, na yi kuka. Allah ya jiƙan Baba Tsaf.

Da wata ya ƙare, Gardama ya biyo ta ƙofar shagona cikin farar riga, ninkin guga kamar wuƙa, ambulan a hammata.

"Har yanzu ban yarda da abin nan ba," ya ce mini.

"To ina za ka?"

"Ofis mana. Kada su rufe."

Sabuwar takardar rajistar tana rataye a shagon yanzu, da sunaye biyu. Gardama ya maƙala ragowar hoton Baba a kusurwar gilashinta. Masu kawo wanki suna cewa ya fito tsaf, kamar ba marar lafiya ba. Ni kaɗai nakan matsa kusa in duba gefen wuyansa, inda farin zanen ya ɗan tasa, daidai girman yatsu.