Inna ta ce ba ta ga fitilar ba

Shekara biyu Inna tana lalube a gidanmu na Tsibiri, yanar ido ta rufe mata duka biyun. Ni nake kai ta bayi, ni nake sa mata cokali a hannu. Yayana Barmo yana can Sabon Garin Maraɗi cikin shagon atamfa, sai dai ya bugo waya ya tambayi jiki. Amma ranar da aka ce likitocin ido sun sauka Maraɗi za su yi wa mutum sittin aiki, sai ga shi da mota da sassafe, har da babbar riga. Shi fa ya san gari, ya san yadda ake shiga ko'ina.

A layin asibiti ya ce in je in samo wa Inna ruwa. Da na dawo na tarar yana yi mata raɗa, ban kawo komai a raina ba.

Wani majo, wato ma'aikacin jinya, mai suna Idirisa, shi ke tantance mutane kafin su isa gaban likita. Ya ɗaga yatsu a gabanta, ta ce ba ta gani. Wannan gaskiya ne. Sai ya ja labule, ya kunna 'yar fitila, ya haska mata daga dama.

"Inna, kin ga haske?"

"Ban ga komi ba, ɗana."

Ya haska ta hagu, ta sama, ta ƙasa. Ya ce ƙwayar idon tana motsi, ta natsu ta sake dubawa. Ta dage. Na san ba gaskiya ba ne, don matar nan ko ashana aka ƙyasta a ɗaki sai ta juya. Na buɗe baki, Barmo ya take mini ƙafa.

Majo ya ja mu waje. Ya ce komai kaurin yana, mai ita yana bambance haske da duhu. Wanda ba ya ganin ko fitila, galibi ciwon ya kai jijiyar ido, ko an cire yanar ba zai gani ba. Ba zai ba ta gurbin wani ba, sai dai a sake duba ta idan likitocin sun dawo baɗi.

Nan Barmo ya fara in'ina. Ashe shi ya kitsa mata ta ce ba ta ganin komai, wai wanda ya fi makancewa shi ake fara ɗauka. Ya ɗauka layin rabon taki ne, inda kowa ke kukan gonarsa ta fi lalacewa.

Muka koma muna roƙo. Majo ya ce mu bi baya, akwai mutum sama da ɗari a gabansa. Kafin layi ya sake zuwa kanmu, sittin sun cika. Shi ma na ji haushinsa, don ya ga idon yana motsi. Amma Barmo, wallahi ban taɓa jin na tsani ɗan'uwana ba sai ranar. Na gaya masa a gaban jama'a, kuma har yau ban yi nadama ba.

Inna tana zaune a benci, ba wanda ya iya yi mata bayani. Da ta ji muryar Barmo sai ta lalubo hannun rigarsa, tana murmushi.

"Alhaji, na yi yadda ka ce ko? Sau huɗu ina ganin fitilar nan, ban yarda ba. Yaushe za su yi mani aikin?"