Waldar Kawu Issoufou

A layin masu walda da ke bayan kasuwar Lazaret ba a barin komai a ɗaure da bulon da noti kawai. Ɓarayin unguwar da kile, abin kwance noti, suke yawo a aljihu. Shi ya sa benci da walda aka liƙe shi da turke, allon suna a liƙe da ƙofa, randar ruwan sha ma an yi mata keji. A nan Yacouba yake gina injinsa, a kusurwar rumfar kawunsa Issoufou.

Injin sassaƙa ne. Tebur na ƙarfe, a kansa gada mai tafiya gaba da baya, a jikin gadar moter mai haƙori da ke cin katako yadda ordinatar, wato kwamfuta, ta umarce shi. A waya ya gani, a waya ya koya, tun da ya bar lise, babbar sakandare, ba takarda. In injin ya tashi, zai riƙa fitar wa kafintocin unguwar Banifandou zanen ƙofofi. In bai tashi ba, akwai Ismaël, abokinsa direba, mai kai samari ramukan zinariya na arewa. Yacouba ya faɗa wa uwarsa Salamatu da bakinsa cewa wannan ne gwaji na ƙarshe. Ya gaji da zaman jiran shayin wani.

Kawu ya san ramukan nan. Ɗansa Abdou yana cikin ɗaya, ba a tono shi ba. Bai taɓa cewa Yacouba kada ya tafi ba. Ya dai ba shi kusurwa, ya ba shi wuta, ya ba shi ƙarfen da ya fi kyau a rumfar.

Abin da zai ja gadar shi ya fara cin ran Yacouba.

"Sa mata sarƙar babur," in ji Kawu. "Sarƙar da ke kai ƙato da buhunansa Dosso, ƴar gadar nan ce za ta gagare ta?"

Ya sa. Amma sarƙa tana da wasa. In moter ya juya baya, sai ta yi ɗan jinkiri kafin ta kama. Ya ce wa injin ya zana da'ira, ya zana masa ƙwai. Masu waldar layin suka taru suna kallo.

"Injiniya, ashe kaza ka ƙera mana!"

Ya cire sarƙa, ya sa dogon bis, sandar ƙarfe mai zare da ke juyawa cikin noti. Bis ba shi da wasa, amma da ya yi gudu sai tsakiyarsa ta shiga kaɗawa kamar igiyar shanya. Daga ƙarshe ya tsaya a kan bel mai haƙora, mai faɗi, ɗaya a kowane gefe. Wannan ya yi.

Sai hanyar da gadar za ta bi. Ya gwada ƙarfen da tiro, aljihun tebur, ke zamewa a kai, ya lanƙwashe. Ya gwada ruluma, ƴan tayoyin ƙarfe, a kan ƙarfen gini, duk wani ɗan tudu da ke jikin ƙarfen sai ya fito a fuskar katako. Dole sai layukan gaske da aka ƙera don wannan aiki. Babur ɗinsa ya sayar don ya saye su. Watanni suka shige kafin Ismaël ya kawo su, guda biyu, naɗe cikin takarda mai maiƙo. Sanduna ne masu sheƙi, an jera musu ramukan bulon daga kai zuwa gindi. Kowanne yana da takalman da ke zamewa a kansa, cikinsu cike da ƴan ƙwallayen ƙarfe. In ka tura takalmi da ɗan yatsa, sai ya tafi shiru har ƙarshe.

Ya daidaita su a kan teburin da zare, ya matse su da maƙalai. Saura bulon masu ƙaramin kai, waɗanda za su nutse cikin ramukan. Babu su a Lazaret. Da safe ya hau kabu-kabu zuwa kasuwar Wadata. A makon nan ne aka kwance wa maƙwabcinsu moter aka tafi da shi da rana tsaka, yana masallaci.

Sai bayan la'asar ya same su, a wajen wani tsoho da ke zube kayansa a kan buhu. Ya dawo da su a leda.

Tun daga bakin rumfa ya ji ƙaurin walda. Kawu yana zaune a kan benci, baƙin gilashi a goshi, yana fifita da kwali. Fuskarsa a sake, abin da Yacouba ya daɗe bai gani ba.

"Ka dawo? Ajiye ledar nan, ka sha wahalar banza. Zo ka gani."

An cire maƙalan. Kowane rami an cika shi da walda, ɗaya bayan ɗaya, an goge kansa sumul. Ba tsatsa, ba tsalle. A duk layin babu mai hannun da zai yi wannan in ba Kawu ba. Kewaye da kowane rami ƙarfen ya rine, shuɗi da ruwan zuma.

"Yau ko azahar a nan na yi ta," in ji Kawu. "Mutane sai leƙe suke yi, abu yana ƙyalli. Na ce wallahi ba za a yi wa ɗan Salamatu abin da aka yi wa maƙwabcin nan ba. Yanzu ɗan banzan da ke so, sai ya ɗauki teburin a ka."

Yacouba ya sa tafin hannu a kan layin. Da sauran ɗumi. Ya durƙusa ya kai ido daidai da shi. Layin da ya bari miƙe kamar zare yana hawa yana sauka, kaɗan kaɗan, tsakanin rami da rami.

Ya kama gadar ya tura. Ta tafi taki ɗaya, ta yi ƙara kamar ana tauna tsakuwa, ta tsaya.

"Sabo ne," in ji Kawu. "Sa masa mai."

"Ba mai ba ne, Kawu."

"Kai dai ka cika baƙin rai. Matsa."

Ya ɗauko guduma. Yacouba ya buɗe baki, amma ba a riƙe hannun kawu a rumfarsa, gaban mutane. Bugun farko gadar ta motsa. Na biyu, murfin takalmin ya tsage, ƴan ƙwallayen suka zubo, suka watsu cikin yashi da garin ƙarfe.

Wani daga rumfar gefe ya fara dariya, ya ga fuskokinsu, ya koma ciki.

Kawu ya ajiye guduma. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ya shiga tsince su yana tarawa a tafin hannu. Yana hura musu iska. Ya yi magana bai ɗago ba.

"Wutar ce?"

"Ita ce."

"In na yanke waldar fa? In miƙe shi a hankali. Na miƙe aksil ɗin motar kamiyo da hannun nan."

"Ba ya miƙuwa. Wuta ta ci ƙarfinsa. Ko an miƙe, ƙwallayen za su haƙa shi."

"Ka faɗa mini ba a yi musu walda?"

Yacouba ya yi tunani. Ya faɗa masa zancen sarƙa, zancen bis, zancen bel. Wannan bai faɗa ba. Ramukan bulon suna nan a fili, ya ɗauka sun isa magana.

"Ban faɗa ba."

"Da ka ce ka faɗa," in ji Kawu, "da ya fi mini sauƙi."

Wayar Yacouba ta yi ƙara. Ismaël ne, da hayaniyar tasha a bayansa.

"Injiniya! Yaya, ta haihu? Ƙwai ko da'ira? Ina cika mota fa, jibi in Allah ya yarda. In ba da wurinka?"

Yacouba ya juya wa Kawu baya, ko da yake rumfar ba ta da faɗin da za ta ɓoye magana.

"Kar ka bayar."

Ismaël ya daina dariya.

"To. Ka zo da bargo. Da takalmi mai rufi."

Ya kashe. Kawu yana nan a durƙushe, hannunsa a dunƙule.

"Salamatu ni za ta tambaya," ya ce. "Me zan ce mata?"

"Ka ce injin bai yi ba."

"Za ta ce me ya hana."

"Ka ce ni ban iya ba. Kowa zai yarda."

Ya fita. A bakin titi ya tsaya, don bai san ta inda zai fara da uwarsa ba. Sai ya bi hanyar kasuwa, wajen masu gwanjo, ya fara neman bargo.