Amfilin Malam Jafaru

Jita ta uku ke nan Malam Jafaru yana gwadawa. Ta farko wuyanta ya kantare, ta biyu ja ce wur irin ta samari 'yan ƙwalisa, shi kuwa gemunsa ya soma fari. Ta ukun, baƙa, fentinta ya goge daidai inda hannu ke zama, ita ta kwanta masa a rai. Yaya mai gyaran rediyo, wanda rumfarsa a unguwar Bepanda ta cika da kayan makaɗan da matsin tattalin arziki ya raba da sana'a, ya ce to saura amfili, na'urar ƙara sauti.

Shekara ashirin da shida Jafaru ya yi yana akawu a tashar jiragen ruwa, kafin a rage ma'aikata a haɗa da shi. Duk tsawon lokacin nan, in ban da matarsa Sabuwa, ba wanda ya san ya taɓa yin kiɗan makosa na gidajen rawa da ƙuruciya. A unguwarsu ta New Bell Malam ake ce masa, a sahun gaba yake tsayawa, ba a ɗaura aure sai da shi. Duk ran da aka ji kiɗan mashaya daga gidansa, ran nan mutuncin ya ƙare. Shi ya sa ya tsallako har Bepanda, inda ba a san fuskarsa ba.

Yaya ya nuna masa wani ƙaramin amfili na zamani wanda ake saurare ta abin kunne, ko na kusa da kai ba zai ji ba. Mai hankali da nan ya tsaya. Amma idon Jafaru ya riga ya faɗa kan wani tsoho mai fitilu a ciki, da aka kunna kuwa fitilun suka yi ja, ya taɓa tsirkiya ɗaya, sai ya ji tsikar jikinsa ta tashi.

"Patron, wannan bai iya raɗa ba," in ji Yaya. "Sai ya yi zafi, kuma sai an buɗe masa murya."

Jafaru ya ce zai lulluɓe shi da bargo. Ya bar babur ɗinsa a madadin kayan, ya tari tasi.

A bakin titi direba ya sauke shi, don lungunsu ya zama taɓo. Ga hadari ya haɗu, ga kaya biyu, amfilin kuma nauyin buhun siminti. Sai ya ajiye shi a barandar masallacin unguwa, inda ɓarawo ba ya taɓawa, ya rufe da buhu, ya bi ta bayan gidaje da jitar naɗe a tabarma.

Abin da ya manta, shi da ya fi kowa sani, shi ne a unguwar nan duk abin da aka ajiye a ƙofar masallaci a rufe, ba suna, sadaka ce ta ɓoye. Injin lasifikar masallacin kuma tun farkon damina ya ƙone, ladan Ɓoɓɓo kan katanga yake hawa yana kira har muryarsa ta dishe.

Ko da ya dawo, an shigar da amfilin ciki, dattawa sun kewaye shi. Liman Jalaluddeen yana cewa a irin wannan zamani da kowa ke ta kansa, wani bawan Allah ya tuna da ɗakin Allah. An ga mai ajiyewa, in ji shi, amma ba za a tona shi ba. Ya faɗi haka yana kallon Jafaru da murmushi.

Jafaru ya buɗe baki. Kalma ɗaya ce, "nawa ne". Amma bayanta akwai tambaya: na mene ne? Ya rufe bakin. Dattawa suka gyaɗa kai, suna yaba wannan kunya tasa.

Aka jona wayoyi, aka kunna, shiru. Ɓoɓɓo ya ɗaga hannu zai bubbuga shi kamar tsohuwar rediyo. Nan Jafaru ya kasa daurewa.

"Kada ka doke shi, Malam. A bar shi ya yi zafi."

Ya durƙusa, ya rage nan, ya ƙara can. Da Ɓoɓɓo ya kira la'asar, disasshiyar muryar nan ta fito da kauri da zaƙi, har masu rumfuna a bakin titi suka ɗaga kai. Hawaye ya zubo wa Jafaru, rabi na daɗi, rabi na takaici. Yaya bai yi ƙarya ba, sai an buɗe masa murya.

Bayan sallama liman ya danƙa masa makullin ɗakin lasifika. Tunda shi ya san halin abin, shi zai riƙa kula da shi, sau biyar a rana.

A gida ya kulle ƙofa, ya warware tabarma, ya ɗora jitar a cinya. Yatsun ba su manta ba. Sai dai sautin bai fi kukan sauro ba, sai da ya sunkuyar da kai yake jin abin da yake kaɗawa. Yana tsakiyar waƙa ta biyu Sabuwa ta ƙwanƙwasa.

"Malam, saura kaɗan magariba. Tashi ka je ka ɗumama musu amfilin."