Yatsun Muniyayi

Tun da aka mayar da tsibiranmu gandun gwamnati, kwana goma sha biyu kacal a wata ake barin mata su yi nutso su ciro ciyawar teku, kuma da hannu kawai. Ƙarfe yana kashe saiwa, yana farfasa murjani. Shi ya sa kowace mace ke naɗe yatsunta da tsumma da zare, duk da haka dutse ba ya barinsu lafiya.

Ran nan da hantsi, mahaifiyata Muniyayi da sauran mata suna shirin shiga kwalekwale, ni ina riƙe mata da kwanon shinkafar jiya, sai ga Irulandi mai gadin gandu. Ɗan garinmu ne, kakin ne kawai sabo. Ya jefar da makankarin ƙarfe, irin na kankare ciyawa, a kan yashi.

"A tsibiri na tsince shi. Ku fito da mai shi, ko in rubuta a rufe muku wurin gaba ɗaya."

"Ji ɗan banza," in ji wata. "Da kuɗin ciyawar nan uwarka ta yaye ka."

"Sai ki je ki gaya wa Babba a ofis, Akka," in ji shi, wato yaya a harshenmu.

Tsohuwa Rakkamma, shugabar masu nutso, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Kowa ta kwance tsumma."

Aka kwance. Yatsu duk tsaga, wasu da jini sabo. Rakkamma tana bi tana juya tafin kowa kamar mai tayin kifi, har ta iso kan mahaifiyata. Nata sun warke sumul. Ni kuwa na san inda ake ɓoye abin a gidanmu, cikin tukunyar tsamiya.

"Hannun amarya," in ji Rakkamma. "Ashe shi ya sa buhunki ke riga namu cika."

"Wata biyu mugunya na fita daga babban yatsana, Akka. Wa ya leƙo ni a cikinku?"

"Mu namu zuma ke fita? Baki arba'in za ki rufe saboda yatsa ɗaya."

Irulandi ya zaro biro. Rakkamma ta daka masa tsawa: "Mayar. Hukuncinmu ne, ba na kaki ba." Sannan ta ce da mahaifiyata ba ita ba jirgi sai bayan damina.

Aka tura kwalekwalen, ba wadda ta waiwayo. Mahaifiyata ta fizge kwanon daga hannuna.

"Ke kuma kin tsaya kamar turke. Gobe ba makaranta, masana'antar gishiri na neman hannu huɗu, nawa da naki."