Laka a Kwanon Birki

Tun ranar da birki ya yaudare ni a gangaren fadama na ce da hannun mutum a ciki. Babur ne mai ƙafa huɗu, ɗan kwatano, na sayo shi don kai taki gonar rakena da ke bayan Kudan, inda ko amalanke ba ta shiga in damina ta yi nisa. Ran nan na ɗoro buhu uku, na zo gangara na taka birki, sai na ji kamar tuwo na taka. Wallahi ko gezau! Sai ga ni cikin rafi, taki a ruwa, hannuna na hagu ya karye.

Mai ɗori yana jan hannun ina salati, amma hankalina yana kan Usmanu.

Usmanu aminina ne, shekara talatin muna tare, gonarmu iyaka ɗaya. A zaurensa babur ɗin yake kwana, don ƙofar gidana ba ta cinsa. To, kwana huɗu kafin faɗuwar nan mun yi cacar baki, wai tayoyina suna tattake masa shinkafa. Har ya ce, "Safiyanu, wannan dodon naka sai ya ja maka wata rana." Washegari da safe na shigo zauren, na same shi tsugune a tayar baya da tsinke a hannu. Yana ganina ya miƙe yana kakkaɓe riga. Na ce me ke nan? Ya ce ƙara ya ji tana yi. Ƙara! Mutumin da ko facin keke bai iya ba.

Matata Kulu ta ce, "Malam, ka bi a hankali. Ba ka ga ya kwance komai ba."

Na ce, "Ke dai ji da tukunyarki."

Ban bi a hankali ba. Bayan la'asar, a ƙofar masallaci, ga hannu a rataye, na faɗa gaban jama'a cewa Usmanu ne ya taɓa mini birki don ya ga bayana. Usmanu ya dube ni, ya sa takalmansa ya wuce. Shirunsa ma ya ƙara tabbatar mini. Mai gaskiya ai rantsuwa zai yi.

Mai unguwa ya ce ba za a yanke magana da ka ba, a kira bakanike ya buɗe kowa ya gani. Aka ɗauko Gambo daga Makarfi, wani siririn mutum mai yawan tsaki. Aka fito da babur ƙofar zaure, mutane suka kewaye. Ko shi Gambon ban yarda da shi ba, don na ga sun gaisa da Usmanu sun daɗe. Na tsaya a kansa ina ƙirga notin da yake kwancewa.

Ya cire taya, ya buga murfin kwanon birki da sifana. Yana buɗewa sai ga ruwa baƙi ƙirin ya zubo, laka ta biyo baya kamar kunun tsamiya, ga wari. Ya ja tsaki.

"Ina birki zai kama a nan? Ku duba, robar da ke tare ruwa a gefe ta cinye, in an shiga rafi ta nan yake shigowa. Fatun birkin sun jiƙe, yashi ya goge su tas. Amma ai akwai ɗan rami a ƙasa da ruwan ke fita." Ya laluba da yatsa, ya ɗago kai. "Kai! Wa ya toshe wannan?"

Murna ta kama ni, Allah Ya yafe mini. Na ce, "Kun ji ko? Toshewa aka yi!" Duk ido ya koma kan Usmanu.

Gambo ya sa ƙusa ya ɓanɓaro abin, ya ɗora a tafin hannu. Roba ce shuɗiya, narkakkiya, irin ta silifa.

Nan na gane ta. Farkon damina na ga wurin yana ɗiga bayan na haye rafi, na ɗauka ɓula ce, ruwa ta nan zai shiga. Na yanko tsohon silifana, na sa wuƙa a wuta na liƙe shi, yadda muke liƙe bokiti. Har daɗi na ji da na ga ya daina ɗiga. A zauren nan na yi, Usmanu yana zaune yana gyaran fartanya.

Mai unguwa ya ce, "Usmanu, me za ka ce?"

Shi dai ni yake kallo. Kunya ta ishe ni, amma sai da na yi jim, ina auna ko shiru zai fisshe ni. Na san ya ga jim ɗin nan.

Na ce, "Ni na liƙe."

Gambo ya kwashe da dariya, wasu suka taya shi. Usmanu bai yi ba.

Da mutane suka watse na bi shi cikin zaure, na durƙusa da hannu ɗaya. Na ce, "Usmanu, don girman Allah ka yafe mini. Zafin ciwo ne."

Ya ce, "Ran da ka same ni da tsinke, ruwa na ji yana motsi a ciki, na so in huda, ka shigo kana harara. Na yafe, Safiyanu, duniya da lahira." Sannan ya ce, "Amma da Gambo bai buɗe ba fa? Da 'ya'yana sun tashi ana nuna su, ga 'ya'yan wanda ya so kashe amininsa."

Ya ɗauko tsintsiya ya fara share inda babur yake kwana.

"Ka nemi wani wuri ka riƙa ajiye shi," ya ce. "Gaisuwa dai ba za mu fasa ba."